Darasin saikoloji da direban da ya daina shiga mota

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗaliba ce a shekarar farko a kwalejin koyon aikin jinya. A wannan zangon an sa mana darasin ilimin halayyar ɗan Adam, kuma gaskiya haddar sunaye kawai nake yi: Freud, Pavlov, Skinner, Piaget, Maslow. Ban ga abin da ya haɗa su ba, ban kuma ga amfaninsu a bakin gadon marar lafiya ba. Da muka zo babin cututtuka kuwa, duk wadda na karanta sai in ga kamar ina da ita. Sannan yayana direban motar haya ne, ya yi hatsari wata takwas da suka wuce, mutum biyu suka rasu a motar. Karayarsa ta warke, amma har yau ba ya shiga mota, ba ya samun barci, abu kaɗan sai ya hau faɗa. A gida wasu na cewa iska ce, wasu na cewa ragwanci ne. Ko abin da muke karantawa yana da ta cewa a kansa?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yata. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba yayanki lafiya. Tambayoyinki uku ne, amma ta ukun ita za ta buɗe miki sauran. Mutanen nan da kike haddace sunayensu abu ɗaya suka zauna suna nema: me ya sa mutum yake yin abin da yake yi? Kowa ya kawo tasa amsar, na baya yana ƙaryata na gaba. In kika zaunar da yayanki a gabansu, kika ce kowa ya faɗa miki abin da ya hana wannan bawan Allah shiga mota, za ki ga wanda ya yi magana mai amfani da wanda ya yi ta kewaye-kewaye.

Tambayar kanta tsohuwa ce, malamai da masana falsafa sun daɗe suna juya ta. Abin da ya canza a 1879 shi ne wani Bajamushe, Wilhelm Wundt, ya buɗe ɗakin gwaji a birnin Leipzig, inda ake auna abubuwa kamar tsawon lokacin da mutum ke ɗauka daga jin ƙara zuwa danna maɓalli. Aikin ba wani babba ba ne a ido, amma daga nan aka fara cewa magana a kan halin ɗan Adam ba za ta karɓu don furfurar mai ita ba, sai an gwada an gani. Da wannan ma'aunin zan auna miki su.

Sigmund Freud, likita ɗan Ostiriya da ya rasu a 1939, zai ce dalilin yana binne a inda yayanki da kansa ba ya iya leƙawa. Ya kasa mutum gida uku: id, mai cewa a ba ni yanzu-yanzu, sufa-igo, mai tsawatarwa da muryar iyaye, da igo, mai sasanta su da halin da duniya take ciki. Ɗalibanmu kan jingina wannan da nafsul ammara da nafsul lawwama don ya zauna musu a kai. Ba laifi in don tuni ne, amma kada ki rubuta cewa abu ɗaya ne, domin Freud bai yarda da addini ba sam. Ki haddace shi don jarrabawa, za a tambaye ki. A wurina dai yawancin gininsa ba ya gwaduwa: in marar lafiya ya yarda da fassararsa, an ce ta tabbata, in ya musa, an ce musun ma shaida ce. Abin da ya saura daga gare shi mai nauyi shi ne lura da dabarun da zuciya ke kare kanta da su. Mutumin da maigidansa ya ci wa mutunci a kasuwa, ya kasa tanka masa, ya dawo gida ya huce a kan matarsa, kin san shi, kowa ya san shi. Haka kuma Freud ya taimaka wajen kafa al'adar zama a saurari marar lafiya, ba a rubuta masa magani kawai a sallame shi ba.

Waɗanda suka fi kowa abin faɗa a kan yayanki su ne masu cewa hali koyonsa ake yi. Ivan Pavlov ɗan Rasha ba masanin halayya ba ne ma, narkewar abinci yake bincike, a kanta aka ba shi kyautar Nobel a 1904. Ya lura karnukansa na fara dalalar da miyau tun kafin abinci ya iso, da sun ji motsin mai kawo shi. Sai ya riƙa yin wata ƙara kafin a ba su abinci, har ƙarar ita kaɗai ta koma tana tsinko miyau. Abin da ba ya nufin komai ya samu ma'ana saboda ya zo tare da abin da ke da ma'ana. A 1920 John Watson da Rosalie Rayner suka gwada wannan a kan wani jariri ɗan wata goma sha ɗaya da littattafai ke kira Albert. Yaron ba ya tsoron farin ɓera. Suka riƙa buga ƙarfe da guduma a bayan kansa duk lokacin da ya miƙa hannu zai taɓa ɓeran. Ba a jima ba ganin ɓeran kaɗai ya isa ya sa shi kuka, tsoron kuma ya tsallaka zuwa zomo da kare da rigar gashi. Yau babu kwamitin da zai yarda a yi wa yaro haka. Tsallakawar nan kuwa Bahaushe ya riga Watson ganinta, shi ya sa ya ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

To, mota a wurin yayanki da wurin neman abinci ce. A rana ɗaya ta haɗu da ƙarar ƙarfe da jini da mutuwa. Yanzu warin fetur, ko hon, ko ihun yaran mota a tasha, sun isa su sa ƙirjinsa ya fara dukan uku-uku, kafin ma ya yi tunanin komai. Bai zaɓi haka ba, kamar yadda karen Pavlov bai zaɓi zubar da miyau ba. Wannan kaɗai ya isa amsa ga masu cewa ragwanci ne.

Amma akwai sauran magana, kuma nan ne ɗalibai suka fi faɗuwa a jarrabawa. Pavlov ya nuna cewa in aka ci gaba da yin ƙarar ba a kawo abinci, miyau yakan daina zuwa. Me ya sa tsoron yayanki bai dusashe ba, alhali wata takwas ke nan babu wani hatsari? B. F. Skinner ɗan Amurka shi ke da rabin amsar. Ya sa ɓeraye da tattabaru a akwati, ya nuna cewa abin da ya biyo bayan aiki shi ke sa a maimaita shi ko a bari. Ƙarfafa hali iri biyu ne: ko a ba ka abin da kake so, ko a ɗauke maka abin da ke damunka. Na biyun ɗalibai ke rikitawa da horo, alhali kishiyarsa ne. Horo rage hali yake yi, wannan kuwa ƙara shi yake. Kanki na ciwo, kin sha farasitamol, ciwon ya tafi. Gobe ma za ki sha. Haka yayanki: ya doshi tasha, zuciya ta hau bugu, ya juya ya koma gida, nan take ya ji sanyi a ransa. Wannan sanyin shi ne ladan gudun. Kullum ya guje, gudun na ƙara kafuwa, kuma ƙwaƙwalwarsa ba ta taɓa samun damar ganin cewa ana iya shiga mota a fito lafiya ba. O. H. Mowrer ne ya haɗa bayanin biyu a 1947: tsoro ya shigo ta ƙofar Pavlov, ya samu wurin zama ta hanyar Skinner.

Daga nan magani ya fito. Tun 1924 Mary Cover Jones ta raba wani yaro mai kimanin shekara uku da tsoron zomo, ta hanyar matso da zomon kaɗan-kaɗan yayin da yaron ke cin abincin da yake so. Joseph Wolpe, likita daga Afirka ta Kudu, ya tsara hanyar sosai a shekarun 1950. Ga direba irin yayanki, ƙwararre kan jera masa matakai: ya tsaya kusa da mota a ajiye, ya zauna a ciki ƙofa a buɗe, a tayar da inji ba a motsa ba, a zagaya layi ɗaya, sai babban titi, can daga ƙarshe a bi ta inda abin ya faru. A kowane mataki ana zama har fargabar ta sauka da kanta. Da yardarsa ake yi, shi ke cewa a ci gaba. Ƙannensa su kama shi su cusa a mota wai don ya saba, wannan sake buga wa Albert ƙarfe ne a bayan kai.

Tunda muna kan Skinner, ga abu biyu da za ki gani a unguwarku. Ya gano cewa halin da ake ba wa lada jefi-jefi, ba tare da sanin yaushe ba, shi ya fi wuyar bari. Saurayin da ke buga cacar ƙwallo a waya, ya ci sau ɗaya ya faɗi sau ashirin, wannan ne ya riƙe masa wuya. Na biyu, Skinner ya ga horo danne hali yake yi na ɗan lokaci, ba ya koya wa mai shi abin da ya kamata ya yi. Albert Bandura ya ƙara a 1961 da gwajin da ya nuna yaran da suka kalli babba yana jibgar wata 'yar tsana su ma sun hau jibgarta. Uban da ke zane yaro don ya hana shi dukan ƙanensa yana koyar da darasi biyu, kuma na biyun, wato duka, shi yaron ya fi ɗauka.

Inda masu wannan ra'ayi suka gaza shi ne sun ƙi leƙa abin da mutum ke faɗa wa kansa. Mutum biyu za su fito daga mota ɗaya, ɗaya ya koma aiki bayan wata guda, ɗaya ya kasa. Aaron Beck, wanda ya fara da bin tafarkin Freud kafin ya bar shi a shekarun 1960, ya lura masu ciwon damuwa na da wasu tunane-tunane da ke faɗo musu ba sallama: ni ba ni da amfani, duniya ba ta da alheri, gobe ma haka za ta kasance. Ya ce a fito da su fili a bincike su, a ga hujjar da ke goyon bayansu da wadda ke rushe su. In har yayanki ya buɗe baki, kada ki yi mamaki ki ji "da na taka birki da wuri" ko "ni na kashe su". Direban da fasinjojinsa suka mutu sau da yawa nauyin laifi ya fi tsoro cin sa. Aikin mai ba da magani shi ne su koma su duba abin da ya sani a cikin daƙiƙa biyun nan, ban da abin da ya sani yanzu bayan komai ya faru. Imani da ƙaddara babban mataimaki ne a nan in an kawo shi bayan an saurare shi. In kuwa da ya fara magana aka tare shi da "ka yi haƙuri, haka Allah Ya so", to an rufe masa baki ne kawai. Batun ko akwai kaffara a kansa ko babu, malamin fiƙihu ne zai yanke, kuma yana da kyau a je a ji, domin barin tambayar a rataye ita ma tana hana barci.

Littafinki ba zai ambaci Abu Zaid al-Balkhi ba, wanda ya rasu a 934 miladiyya, amma ya kamata ki san shi. Ya rubuta littafi a kan gyaran jiki da rai, ya yi babi-babi a kan fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi. Ya raba baƙin cikin da ke da sanannen dalili, kamar rashi ko asara, da wanda ke sauka haka kawai ba dalili, ya ce na biyun daga jiki yake kuma yana buƙatar magani. Ya kuma ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunane-tunane tun yana lafiya don ranar da hankalinsa zai tashi. Shekara dubu ke nan kafin Beck. Duk wanda ya ce miki wannan fanni kayan Turawa ne tsantsa, ki ba shi sunan.

Piaget da Maslow ba su da abin cewa da yawa a kan yayanki, don haka zan wuce su da sauri. Jean Piaget ɗan Suwizalan ya nuna tunanin yaro daban yake da na babba, ba ƙarancin sani kawai ba ne. Zuba ruwa daga faffaɗan kofi zuwa dogo siriri a gaban ɗan shekara huɗu, zai rantse ruwan ya ƙaru. Ɗan shekara takwas zai yi miki dariya. Amfaninsa gare ki yana ɗakin yara, inda ƙaramin yaro kan ɗauka allura horo ce a kan laifin da ya yi. Abraham Maslow kuma a 1943 ya jera buƙatu daga abinci da tsaro zuwa ƙauna da mutunci da cikar buri. Dalar nan da ke littafinki ba shi ya zana ta ba, wasu ne daga baya. Kada ki ɗauki jerin da tsauri: uwar da ke kwana da yunwa don 'ya'yanta su ci ta riga ta birkita shi.

Sai masu duban ƙwaƙwalwa kanta. A 1848 wani sandan ƙarfe ya ratsa kan Phineas Gage, ma'aikacin shimfiɗa layin dogo a Amurka. Ya rayu, amma likitansa ya rubuta cewa halinsa ya sauya, mai natsuwa ya koma marar haƙuri mai saurin zagi. Labarin ya zama shaidar farko-farko cewa hali yana da mazauni a cikin nama. Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe, amigdala, mai saurin gane haɗari. In ya motsa sai jiki ya saki sinadarin adiranalin, zuciya ta ƙara gudu, tsoka ta ɗaure. A jikin wanda ya ga tashin hankali irin na yayanki wannan tsarin kan zauna a kunne dare da rana. Rashin barcin da saurin fushin daga nan suke. Sai dai in kin ji an ce ciwon damuwa "ƙarancin sinadari kaza" ne kawai, ki sani an sauƙaƙa maganar fiye da kima. Abin da ake koyarwa yanzu shi ne tsarin da George Engel ya gabatar a 1977: a dubi jiki, a dubi tunani, a dubi zamantakewa. Na ukun yana da nauyi a nan. Magidanci da ya yi wata takwas bai kawo cefane ba, ana kuma jifansa da kalmar rago a cikin gidansu, ko babu hatsari wannan ya isa ya karya shi.

Yanzu batun ganin kanki a kowace cuta. Kusan duk ɗalibin likitanci da jinya sai ya bi ta nan, dalili kuwa shi ne alamomin cututtukan nan ba baƙi ba ne. Kowa yana baƙin ciki, kowa yana fargaba, kowa ya taɓa komawa ya duba ko ya kulle ƙofa. Abu uku ake dubawa kafin a kira shi cuta: tsawon lokacinsa, tsananinsa, da ko ya hana mutum aikinsa da ibadarsa da zama da mutane. Littattafai biyu ake aiki da su, DSM-5 na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka da ya fito a 2013, da ICD-11 na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022. Hukumar ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya, wato kimanin miliyan 970, yana fama da ɗaya daga cikin waɗannan cututtuka. Mafi yawansu fargaba ce da damuwa, ba mai tsince-tsince a bola da muke hangowa in an ce taɓin hankali ba.

Ciwon damuwa a ma'aunin DSM yana buƙatar alamomi biyar cikin tara, kusan kullum, na aƙalla mako biyu, kuma dole a cikinsu akwai ƙuncin rai ko gushewar jin daɗin abin da aka saba so. Ki lura da wannan sosai, don za ki haɗu da shi a ɗakin duba marasa lafiya: mutanenmu ba kasafai suke zuwa su ce "ina cikin baƙin ciki" ba. Cewa za su yi kaina yana ɗaukar zafi, wani abu yana yawo a jikina, ƙirjina ya yi nauyi, jikina ya mutu. An yi musu maganin taifod da maleriya har an gaji. Ki tambayi irin wannan matar yadda take barci, da rabonta da zuwa biki ko suna da son ranta, sai ki ga hawaye. Fargaba mai yawo kan komai sai ta kai wata shida ake kiranta cuta. Waswasi kuwa a ƙasar nan a wurin alwala da kabbarar harama ya fi bayyana: mutum ya yi awa guda a bakin famfo, ya san abin ba daidai ba ne, amma ya kasa bari. Maganinsa ɗan'uwan na direba ne, a fuskanci shakkar a ƙi maimaitawa, wanda kuma shi ne abin da malaman fiƙihu suka daɗe suna gaya wa mai yawan kokwanto.

Cututtuka masu nauyin kuwa biyu ne. Akwai cutar da ke kai mutum sama ta dawo da shi ƙasa: mako guda ko fiye ba ya barci kuma ba ya jin gajiya, surutu ba tsayawa, rabon kuɗi, manyan tsare-tsare, daga baya ya faɗa cikin damuwa mai zurfi. Sai sikizofireniya, wadda ke kama kimanin mutum ɗaya cikin 300, galibi daga ƙarshen shekarun samartaka zuwa cikin shekaru ashirin da wani abu: jin muryoyin da babu mai su, tabbacin cewa ana bin sa ko an sa masa guba, magana ba kai ba gindi, janyewa daga mutane. Ba ta nufin mutum biyu a jiki ɗaya, kamar yadda ake yawan faɗa. A matsayinki na nas ki riƙe wata ta uku: mai jego ɗaya zuwa biyu cikin dubu kan rikice a makonni biyun farko bayan haihuwa. Wannan na gaggawa ne, ranta da na jaririn suna cikin haɗari, kuma tana warkewa in an kai ta asibiti da wuri. Kafin a ce wa kowa taɓin hankali kuma, sai an kore zazzaɓin da ya hau kai, da sanƙarau, da faɗuwar sukari, da cutar maƙoƙo mai sa zuciya gudu, da farfaɗiya, da ƙwaya. Wanda ya rikice cikin kwana ɗaya ko biyu, bai san inda yake ba, ga zafin jiki, jikinsa za a fara bincika.

Abin da kika faɗa a kan yayanki ya yi kama da ciwon da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, wanda littafinki ya taƙaita da PTSD. A 1980 ya shiga littafin cututtuka, bayan abin da aka gani a jikin sojojin Amurka da suka dawo daga yaƙin Biyetnam. Rukunin alamominsa huɗu ne: abin ya riƙa dawowa a mafarki ko a farke kamar yanzu yake faruwa, guje wa duk abin da ke tuna shi, sauyin tunani da yanayin rai, da zama a firgice, kuma su wuce wata guda. Mafi yawan waɗanda suka ga tashin hankali sukan warware da kansu cikin makonni. Wata takwas ya wuce a ce a jira. Na ce ya yi kama ne, domin ba a yanke wa mutum cuta daga wasiƙa, kuma ke ma kada ki shiga gida ki sanar da suna.

Maganar iska kuwa, ba sai kin ja da kowa a kan samuwar aljanu ba, ba nan matsalar take ba. Ki nuna musu cewa abin ya fara ne ranar hatsari, yana tashi ne in an doshi mota, kuma irinsa ake gani a jikin soja a Amurka da ɗan gudun hijira a Maiduguri. Addu'a da karatun Alƙur'ani ba sa karo da asibiti; hadisi ne ingantacce cewa Allah bai saukar da cuta ba face Ya saukar da maganinta. Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Najeriya, ya gane haka tun 1954 a asibitin Aro ta Abekuta, inda ya riƙa saukar da marasa lafiya a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowa da ɗan'uwansa, yana kuma aiki tare da masu maganin gargajiya. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin da ba za a lamunta ba shi ne duka da sunan fitar da aljani, da turaren da ke shaƙe mutum, da ɗauri. Kin tuna yadda a 2019 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga gidajen mari a Kaduna da Daura. A watan Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi haƙƙoƙin marar lafiya.

Ga abin da za ki yi. Ki nemi wanda yayanki ke jin nauyinsa, kawu ko amini, ya yi masa maganar, kuma a shigo ta ƙofar rashin barci, don ita ce ba zai ji kunyar amsawa ba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano. In sunan wurin zai sa ya tirje, asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika suna da sashen. Ku tambaya ko akwai masanin halayya mai yin magani ta hanyar zama da tattaunawa, domin a wannan ciwo shi ne kan gaba. In an ba shi ƙwayar magani, a gaya masa takan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga aikinta, kuma ba a yanke ta rana ɗaya don an ji sauƙi. Kada a saya masa diyazefam a kemis saboda barci: ba ta magance wannan ciwo, kuma jiki na saurin sabawa da ita. Ki bincika a hankali ko ya fara shan tiramadol ko wani abu, tunda mai karaya yakan fara ta ne don zogi. A tambaye shi kai tsaye ko yana jin gara ya mutu. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, kuma in ya ce e, ranar za a tafi asibiti, ba a barinsa shi kaɗai. Kafin ku je ki rubuta wa likita lokacin da abin ya fara, awa nawa yake barci, duk abin da yake sha har da na gargajiya, da kuma ko kansa ya bugu ko ya suma a hatsarin, domin bugun kai shi ma yana kawo saurin fushi da mantuwa, kuma bincikensa daban ne.